Amsa ga mai tambayar girman kwalekwalen goyo da abin da zai nema a jikinsa

Ɗan'uwa, ka ce tsawonka mita 1.78 ne, kana son fara tafiyar kwana huɗu zuwa biyar a daji, ka yi tattaki da kaya a baya sannan ka biyo kogi ko ka tsallake tafki, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin matsakaici da babba a cikin kwalekwalen goyo, wato fakraf, ƙaramin jirgin hurawa da ake naɗewa a goya a jaka. Ka kuma tambaya ko zif ɗin zuba kaya da murfin sama sun cancanci nauyin da suke ƙarawa. Na ga wasu sun ce ka ɗauki babba kawai don ka sake. Ni ma abin da aka gaya mini ke nan, na bi, kuma shekara biyu na yi ina biyan bashin wannan shawara.

Ka fara ajiye maganar tsawonka a gefe. Ba a tsaye za ka tuƙa shi ba, a zaune ne. Zauna a ƙasa, ka jingina ƙugunka da bango sosai, ka miƙe ƙafafu, wani ya auna maka daga bango zuwa dundunniya, kana sanye da takalmin da za ka shiga ruwa da shi. Wannan awon shi za ka kai kan jadawalin kamfanin da ya ƙera jirgin, ka gwada da tsawon cikinsa, ba tsawon wajensa ba. Mutum biyu masu tsayi ɗaya sai ka ga ƙafar ɗaya ta fi ta ɗaya da santimita biyar ko shida, kuma wannan ya isa ya raba musu girman jirgi. Sannan matsakaicin wannan kamfani ba shi ne matsakaicin wancan ba. Alpacka da Kokopelli da MRS da Anfibio kowa da nasa lissafin, don haka lambar santimita za ka bi, ba sunan girman ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, wannan jirgi ba shi da ƙashi. Iska ce a cikin yadi. Jikinka ne ƙashinsa: baya a jingine, tafin ƙafa a dogare da goshin jirgi, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna tokare da gefe. A haka ne ƙarfin da ka sa a filafili yake isa ga jirgin. Nawa na farko ya fi ƙafata da kusan taƙi guda. A ruwa mai kwanciya ban ga aibunsa ba, har ina yabon yalwarsa. Ranar da na shiga gangara mai duwatsu, igiyar ruwa ta farko da ta daki goshin sai na zame gaba, ta biyu ta mayar da ni baya, ta uku ta same ni ba inda na dafa. Na kife a wurin da abokan tafiyata suka wuce suna hira. Daga baya na riƙa cusa jakar kaya a gaban ƙafata don cike gurbin, kuma dabara ce mai aiki, har akwai matashin ƙafa da ake hurawa don haka. Amma ka lura: jirgin da ya ɗan yi maka yawa ana iya cike shi, wanda ya yi maka kaɗan kuwa ba shi da magani, bayan awa biyu ƙafarka za ta mutu. Saboda haka idan awonka ya faɗa daidai kan iyakar girma biyu, ka dubi ruwan da za ka fi bi. Tafki da kogi mai natsuwa, ɗauki na sama. Gangara, ɗauki na ƙasa.

Wannan ya kawo mu tambayar da ba ka yi ba, wadda kuma ita ce uwar sauran: a cikin tafiya goma da za ka yi, takwas a wane irin ruwa za su kasance, kuma kilomita nawa za ka goya jirgin kafin shi ya ɗauke ka? Asalin abin nan na masu tattaki ne. Dick Griffith ya fito da ɗan jirgin hurawa a tseren daji na Alaska a 1982, ya tsallake kogunan da suka tsayar da matasan da suka fi shi sauri. A 2000 Sheri Tingey ta fara ɗinka Alpacka saboda ɗanta ya dawo daga doguwar tafiya da jirgi duk faci. Abin da suke nema shi ne jirgin da ba zai karya baya ba. Yau kuma mutum sai ya kalli bidiyon masu faɗowa daga tsauni, ya sayi jirgin gangara mai kilo huɗu da rabi, alhali tafiyarsa duk tafki ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kuma kada ka auna jirgin shi kaɗai. Na tafiyar daji yawanci yana tsakanin kilo 2.5 da 3.5. Ƙara filafilin da ake rabawa gida huɗu, kusan kilo ɗaya. Ƙara rigar ceto, da hular kwano idan akwai duwatsu, da rigar da ruwa ba ya ratsawa idan ruwan mai sanyi ne, da kayan faci. Kafin ka ankara kilo shida zuwa bakwai sun hau kan tanti da abincin kwana biyar. Ka zuba nauyin haka a jakarka ka hau tudu na awa uku, gani ya kori ji. Bayan nan ne za ka san ko kana son kowane ƙarin maɗauri da aljihu.

Maganar yadi gajeriya ce. Yawancinsu nailan ne da aka shafe da TPU, wani nau'in roba, kuma lambar da ke zuwa kafin harafin D tana nuna kaurin zaren. 210D a jikin bututun iska da ya zagaye jirgin da 420D ko 840D a ƙasa shi ne abin da yawancin masu tafiyar daji suka tsaya a kai. Akwai masu 70D da ba su kai kilo biyu ba. Suna da daɗin goyo, kuma sun isa tsallake tafki, amma ba zan ja su a kan tsakuwa kwana biyar ba.

Zif ɗin zuba kaya kuwa, ni dai ba zan sake sayen jirgin da ba shi da shi ba, sai dai ka san abin da ka ɗauko. Zif ne da iska ba ta fita ta cikinsa, yawanci TIZIP na Jamus, a bayan jirgin. Ka zuge shi, ka tura kayanka cikin bututun dama da hagu a dogayen jakunkuna, ka rufe, sannan ka hura. Nauyi ya koma ƙasa, kusa da ruwa, jirgin ya zauna daram. Kwatanta da ɗaure jakar kilo goma sha biyar a goshi: ta tare maka gani, iska ta riƙa kama ta, kuma in ka kife, juyo da jirgin a tsakiyar ruwa ya zama kokawa. Wahalarsa ita ce duk abin da ya shiga ciki ya tafi ke nan sai yamma, domin buɗe zif na nufin sace iskar gaba ɗaya. Abincin rana, da rigar sanyi, da kayan faci, da magunguna sai a ƙaramar jaka a waje. Ashana da na'urar neman agaji kuma a jikin rigar cetonka, don in jirgi ya tafi da kansa, ya tafi da tantinka ne. Sannan zif ɗin yana da kishiya, yashi. Na taɓa rufe nawa a gaggauce a bakin gaɓa, ƙwayar yashi ta maƙale a haƙoransa, na wuni ina tsayawa ina ƙara iska da baki duk rabin awa, ina zargin ƙaya. Tun daga ranar nake yawo da tsohon buroshin haƙori da man da ake shafa masa. In tafiyarka ta yini ɗaya ce, ko kana yawan sauka kana naɗe jirgi kana sake hurawa, to ka bar zif, bai da amfani a gare ka. Kwana huɗu zuwa biyar da ka ambata kuwa, wurinsa ke nan.

Saura saman jirgin. Buɗaɗɗe ya fi rashin nauyi da sauƙin shiga, amma da ka shiga gangara mai mataki na biyu, a ma'aunin wahalar gangara na ɗaya zuwa shida, zai riƙa shan ruwa, kana tsayawa kana zubarwa. Mai murfi da siket, wato yadin da kake sawa a ƙugu ya rufe bakin da kake zaune, yana tsare ɗumi, yana hana ruwa shiga, shi ya sa masu bin kogunan ƙanƙara suke son sa. Mai zubar da ruwa da kansa yana da ramuka a ƙasa da katifa mai kauri da ke ɗaga ka sama, ruwan da ya shigo ya fice da kansa. Shiga da fita ba ɓata lokaci, sai dai kullum ƙugunka a jiƙe yake, kuma ramukan suna ɗan rage gudu a tafki. Zaɓin nan sanyin ruwa ne ke yanke shi, ba ƙwarewarka ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. In ka ɗauki mai murfi, ka je wuri mai natsuwa tare da wani, ka kife da gangan, ka fizge siket ka fito, har sai hannunka ya san inda igiyar take ba tare da ido ba. Maɗaurin cinya ma haka: yana ba ka ikon karkata jirgi a gangara, amma ga sabon shiga abu ne da zai iya riƙe ƙafa. Ka sayi jirgin da ke da wuraren maƙala shi, ka bar sa shi sai ka koyi fita. Kuma kada ka ɗaure filafili ko jikinka da jirgi a ruwa mai gudu.

Tunda ka ambaci tafki, bari in rage maka buri. Jirgin mutum ɗaya bai cika wuce mita biyu da rabi ba, faɗinsa kuma ya kusa mita guda. Kilomita uku zuwa huɗu a awa shi ne abin da za ka samu, goshin yana kaɗa kai dama da hagu duk bugu. In iska ta taso ta gabanka, wani lokaci gara ka naɗe shi ka bi gaɓa da ƙafa. Jirgi mai dogon baya mai tsini ya fi riƙe hanya, ƙaramin fiffiken da ake maƙalawa a ƙasa ma yana taimakawa, amma ka cire shi kafin ruwa marar zurfi. Filafili mai santimita 210 ya dace da wanda zai haɗa kogi da tafki.

Da ni ne kai, zan auna zamana yau, in ɗauki girman da ƙafata ke taɓa goshi gwiwa a ɗan lanƙwashe, 210D a sama da 840D a ƙasa, da zif, da murfin da ake cirewa. In da wanda zai ara maka nasa na yini ɗaya, ka zauna ciki da rigar ceto a jikinka, domin kaurinta tana tura ka gaba fiye da yadda kake zato. Ranar farko kuma, bayan ka cika shi da jakar hurawa, wato jakar da ake kamo iska da ita a matse cikin jirgi, ka ajiye shi a ruwa minti biyar kafin ka shiga. Sanyin ruwa zai sa iskar ta tsuke, jirgin ya yi laushi, sai ka ƙarasa da baki har ya yi tauri. In kun tsaya hutu a rana, ka rage masa iska ko ka ja shi inuwa.