Tambaya da Amsa: Za a rushe gidan kakanmu, wanmu kuma ya ce a ƙone littattafansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu, yayyena sun yanke shawarar rushe gidan ƙasa da kakanmu ya gina, su yi shaguna na bulo. Muna kwashe kaya na tarar da adaka a soro cike da littattafan da kakan ya rubuta lokacin yana sayen auduga, wasu da ajami, wasu da boko. Akwai farashi, ranakun haihuwa da mutuwa, da sunayen waɗanda yake bi bashi. Babban wanmu ya ce a ƙone don kada asirin mutane ya tonu. Ina neman shawara.
Daga wata malamar firamare, ƙasar Malumfashi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku. Don Allah kada a ƙone. Ki je wurin wanki da ladabi ki roƙe shi ya bar adakar a hannunki amana, ki yi masa alkawari ba za ki yaɗa sunan kowa ba. Tsoronsa yana da tushe, domin jikokin masu bashin nan maƙwabtanku ne. Amma rufin asiri a ajiya ake yin sa, wuta ba ta zaɓen shafi.

Garuruwa irin naku ba su cika shiga littattafan tarihi ba. A can sai sarakuna da yaƙe-yaƙe. Nawa aka sayi auduga, wace shekara ƙyanda ta kwashe yara, wa ya fara rufin kwano a unguwa, sai a irin wannan adakar. Dubi Madagali ta jihar Adamawa. Mai mulkinta Hamman Yaji ya sa ana rubuta masa abin da ya faru daga 1912 har 1927, shekarar da Turawa suka kama shi. Abin da ke ciki ba mai daɗi ba ne, har da hare-haren kamun bayi da adadin waɗanda aka kamo. Da an ƙone don kunya, da jikokin waɗanda aka kama ba su da wannan shaida a rubuce. An buga shi da Turanci a 1995.

Ga abin da za ki yi tun kafin damina. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa, har da bango da 'yan takardun da aka soka a tsakiya, kuma kada ki sauya musu wuri. Kada ki liƙa salatif a inda ya yage, kada ki kai a manne su cikin roba, zafin injin da gam ɗin suna lalata takarda. Leda ma tana tara gumi. Ki naɗe su da farin ƙyalle, ki sa a kwali, ki ɗora bisa, nesa da bango saboda gara. Na ajamin kuwa, ki nemi dattijon malami ɗan garin ya karanta a bayyane kina naɗar muryarsa. Kowa da yadda yake ajaminsa, kuma ɗan gari ne zai gane sunan fadama ko laƙabin mutum.

Inda babu shekara, kuɗin zai gaya miki. In kin ga fam da sule, mai yiwuwa kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo. In ana maganar biyan haraji da jangali, mai yiwuwa kafin 1979 ne, shekarar da gwamnatin tsohuwar jihar Kaduna, wadda kuke cikinta a lokacin, ta soke su.

Gidan kuwa gado ne, ba ke kaɗai ke da shi ba, kuma gyaran ginin ƙasa kowace shekara ba wasa ba ne. Ki roƙa a bar zaure ko da shi kaɗai. In an ƙi, ki ɗauki hotonsa ciki da waje: azara, bakan gizon rufin ɗaki in akwai, zanko, indararo, zanen bakin ƙofa. Sannan abin da na fi so ki yi: ki kama hannun gwaggo ko innar da ta fi kowa tsufa, ku bi gidan ɗaki ɗaki kina naɗa. Tambayi inda rijiya take, inda aka yi wankan jego, ɗakin da aka sauki kowace amarya, dalilin toshe wata ƙofa. Kakanki ya rubuta abin da ya gani daga zaure da kasuwa, cikin gida kuma yana bakin mata. Baba ta Karo tsohuwa ce da ta zauna a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka yi littafi a 1954, kuma har yau masana na komawa gare shi don sanin zaman matan ƙauyen Hausa.

In kin gama, ki kai kwafin hotunan Arewa House da ke Kaduna, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubuce, bayan kun yi shawara da wanki kan shafukan bashin. Ainihin littattafan su zauna a hannun dangi, kowane ɗaki kuma a tura masa kwafi.