Na ƙara maganin hasken fari, shadda ta koma kore-kore: ina gyara?

Tambaya: Malam, sana'ata wanki da bugun shadda a Agege. Na sayo garin hasken fari a wajen masu kemikal a Ojota, mai sayarwa ya ce in zuba da yawa in haɗa da bilic. Yanzu farar shaddar mutane ta yi kore-kore, wata har ta fara yagewa wajen bugu, ga masu kaya suna jira. Don Allah ina mafita?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Wadda launinta ya juya za ta gyaru. Wadda ta fara yagewa kuwa zarenta ya riga ya ƙone, sai dai ka yi wa mai ita bayani ku daidaita.

Wannan garin ba ya cire datti, ba ya cire rawayar da ke jikin zare. Rini ne wanda launinsa ba ya fitowa a jikin kaya in an sa shi daidai awo. Yana zuƙar hasken rana wanda ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗin haske, sai shuɗin ya rufe rawaya. Bula ma tana rufe rawaya, amma tana ɗan dusashe kaya. Shi kuwa ƙara haske yake yi. Tunda rini ne, zare yana da iyakar abin da zai ɗauka. In ka wuce iyaka, ƙwayoyin maganin suna cunkushewa, hasken ya mutu, launin garin kansa ya fito. Koren da ka gani ke nan.

Maganar haɗa shi da bilic ita ce ke ɓata mini rai, don kullum sai an kawo mini irinta. Mutum ya ɗebo gari daga buhu, ya ƙulla a leda babu suna babu takarda, sannan ya zama malamin awo! Yawancin maganin hasken auduga dangin wani sinadari ne mai suna stilbene, kuma sinadarin kulorin da ke cikin bilic irin Hypo ko Jik yana lalata da yawa daga cikinsu. Akwai mai jurewa, kamar Tinopal CBS-X, amma ta yaya za ka san abin da ke cikin ledar da ba rubutu? Ka ga an yi asarar magani. Sannan bilic mai ƙarfi, musamman a ruwan zafi ko in an daɗe da jiƙo, yana cin zaren auduga. Da ido ba za ka gane ba, sai kaya sun hau kan itacen bugu su tsage. Mafi muni, wasu in fari bai fito ba sai su ƙara ruwan batir ko maganin wanke masai a kan bilic. Wannan haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a ƙuntataccen shago irin namu na Legas yana iya kai mutum asibiti, har kabari. Ku ji tsoron Allah ku daina koya wa mutane abin da ba ku sani ba. Yaran da ke tsaye kan baho su ne ke shaƙa.

Ga gyara. Wanke kayan a ruwan zafi da sabulun soda, ka ɗauraye sau biyu ko uku, maganin da ya yi yawa zai ragu. Kada ka sa omo a wannan wankin, galibinsa yana da nasa maganin hasken a ciki.

Nan gaba, auna kaya a bushe. Kilo ɗaya na auduga yana buƙatar giram 1 zuwa 3 na gari, cikin ruwa lita 20. Narka shi a kofin ruwan zafi tukuna, ka juye ka motsa, sannan ka sa kaya masu tsabta, jiƙaƙƙu. Zafin ruwa digiri 40 zuwa 60 a ma'aunin Celsius, minti 20 zuwa 30, kana juyawa don kada ya yi dabbare-dabbare. Fara gwaji da ƙyalle. In rawayar ta yi yawa, a fara cire ta da haidurojin feroksaid (sinadarin faranta kaya marar kulorin), ba bilic ba.

Ka lura da ruwanka. Rijiyoyin burtsatse da yawa a Legas suna da tsatsar ƙarfe. In ruwa ya kwana a bokiti ya yi ja a ƙasa, zai rina maka fari, kuma tare da feroksaid yana huda zare. Bar shi ya kwanta ka tace. Ruwan laushin kaya ma yana kashe maganin, kada su haɗu a baho ɗaya. In yadin roba ne, wato foliyesta, maganin auduga ba ya kama shi; nasa daban ne, a masaƙa ake sa shi da zafin digiri 130. Shanya a inuwa, rana tana cinye hasken. Duba farinka da hasken safe a waje, ko da fitilar gwajin kuɗi: inda magani ya kama daidai zai yi shuɗi bai ɗaya.