Zangon doki da motar-gida a Amurka: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin cewa jami'a ta ba ka gurbi. Allah ya sanya albarka. Ka ce ka sha kallon bidiyon Amurkawa masu kwana a motar-gida, wadda suke ce wa RV, suna jan tirelar dawaki daga wannan daji zuwa wancan. Shi ne ka zauna ka yi lissafi, maimakon ka riƙa zuba kuɗi a hayar ɗaki, gara ka sayi tsohuwar motar, ka sami zangon da ke karɓar doki kusa da makaranta ka tare a can, har kana tunanin a turo maka ingarman da kake hawa da Sallah. Kana so in gaya maka yadda ake gano irin wannan zango.

Akwai su, kuma wasunsu in ka gani sai ka ƙi komawa gari. Sai dai an gina su ne don baƙon da zai yi 'yan kwanaki ya naɗe kayansa, ba don ɗalibin da ke da aji ƙarfe takwas na safe ba. Bari in fara da abin da ka tambaya, sauran maganar za ta fito da kanta.

Wahalar farko ita ce mai motar-gida da mai doki ba abu ɗaya suke nema ba. Mai mota yana son fili shimfiɗaɗɗe, da soket na wuta, da famfon da zai jona tiyo, da ramin da zai juye ƙazantar tankin bayan gida. Mai doki yana son turke ko ɗan shinge, da ruwa mai yawa, da inda zai zubar da kashin doki, da hanyar daji da ta fara daga bakin zangon. Wuraren kasuwa irin na kamfanin zango na KOA sun ƙware a buƙatar na farko, amma mafi yawansu ba su da wurin ɗaure ko akuya. Zangon dawaki na cikin dazuzzukan gwamnati kuwa sau da yawa babu wuta sam, ruwan ma wani lokaci na rafi ne. Inda aka haɗa biyun bai da yawa, shi ya sa yake cika da wuri. A shafin Recreation.gov, inda ake kama wuri a filayen gwamnatin tarayya, akasari ana buɗe rajista ne wata shida kafin ranar, kuma wuraren da aka fi so sukan ƙare tun a ranar da aka buɗe. Wuraren jihohi kowace da nata shafin.

A nan yankinmu na Kentaki, wanda aka fi ambato shi ne Wranglers, a dajin Land Between the Lakes da ke tsakanin manyan tafkuna biyu. Yana da gurabe fiye da 200, da bargogi, da hanyoyin kilisa da suka kai mil 100, wato kusan kilomita 160. In ka gangara iyakar Kentaki da Tenesi akwai Big South Fork, mai zangon dawaki biyu, Station Camp da Bear Creek, dukkansu da wuta da ruwa da wurin ɗauri. Jihar Indiyana tana da nata a gandun Brown County. Can Dakota ta Kudu kuma akwai French Creek a gandun Custer, inda baunan Amurka sama da 1,000 ke yawo a sake, wanda dokin da bai taɓa jin warinsu ba zai iya kayar da kai tun daga nesa. Kar sunan wuri ya ruɗe ka. Kentucky Horse Park da ke Lexington, wanda aka buɗe a 1978, cibiyar dawaki ce guda, amma zangonta na mutane ne da motocinsu, bargogin suna wani ɓangare daban da tsarinsu daban.

Saboda haka duk abin da ka karanta a intanet, kira wurin a waya kafin ka biya. Manhajoji irin su Campendium suna da amfani wajen jin ra'ayin waɗanda suka kwana, amma yawancin masu rubutu a ciki ba su da doki, abin da ya dame su shi ne ko waya na kamawa. Tambayar farko ita ce tsawon gurbin. Babbar a-kori-kura da tirela mai ɗakin kwana a gaba da wurin dawaki a baya, in aka haɗa su sukan wuce mita 15, alhali tsofaffin zangon daji an zana su ne tun lokacin da motoci ke ƙanana. Ka tambaya ko gurbin irin wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba ne, ko sai an yi ribas, domin ribas da tirela cikin duhu tsakanin itatuwa ya sha raba abokai. Ka tambayi wutar, ta amfiya 30 ce ko ta 50, don kan soket ɗin ba iri ɗaya ba ne. Ka tambaya ko an kashe famfo saboda sanyi. Doki yakan sha lita 20 zuwa 40 a rana, in da zafi ko aiki ya fi haka, kuma tankin motarka ba zai ɗauki nauyinku ku biyu ba.

Sannan ka tambaya yadda aka yarda a tsare dokin. Wani wuri akwai shingen ƙarfe, wani wuri sai dai ka ja igiya sama tsakanin ginshiƙai biyu ka ɗaura ragamar a jikinta, wani kuma ya yarda ka kafa naka shingen na waya mai ɗan lantarki. Ɗaure doki kai tsaye a jikin itace laifi ne a filayen gwamnati da yawa, don yana ɓare ɓawon yana tone saiwa. Ga kuma abin da zai ba ka mamaki. Mu a gida ingarma ne dokin hawa, namiji ba ya fita a kan goɗiya ranar hawa. A nan akasarin dawakan kilisa dandaƙaƙƙu ne ko goɗiyoyi, kuma wasu masu zango in suka ji ingarma ne za su ba ka haƙuri, saboda haniniya da faɗa da tsinka igiya cikin dare.

Takardu kuwa, dokin ma da nasa fasfo. Akwai gwajin jini da ake kira Coggins, sunan likitan dabbobin da ya ƙirƙiro shi a 1970, wanda ke nuna ko doki na ɗauke da wata cutar ƙarancin jini da manyan ƙudaje ke yaɗawa, cutar da ba ta da magani ba ta da rigakafi. Yawancin jihohi suna son takardar kada ta wuce wata 12. In za ka ƙetare iyakar jiha kuma sai da shaidar lafiya daga likitan dabbobi, wadda akasari kwana 30 take aiki. A jihohin yamma kamar Kolorado da Montana akwai jami'an da ke duba lambar jikin doki su tabbatar naka ne, al'adar da ta samo asali tun zamanin satar shanu. Ciyawa ma ba kowace ake shiga da ita ba. A dazuzzukan tarayya na yamma sai ingiricin da aka ba wa shaidar cewa babu irin miyagun ciyayi a ciki, ana gane shi da launin igiyar da aka ɗaure damin ko da alamar da aka liƙa. Masu lura sukan fara ba dokin wannan abincin kwanaki kafin tafiya, don iri yana bi ta ciki ya fito a kashi ya tsiro. Da fari na ɗauki wannan a matsayin iyayi irin na Turawa, amma wanda ya ga yadda baƙuwar ciyawa ke cinye makiyaya ba zai yi musu ba.

Na san abin da ya fi jan hankalinka shi ne maganar kwana kyauta. Gaskiya ce. Hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin tarayya, tana riƙe da eka kusan miliyan 245, fili ya fi faɗin Najeriya gaba ɗaya, kuma a mafi yawansa kana iya tsayar da mota ka kwana ba ko kwabo. Amma kusan duka yana yamma ne, a hamadar Nebada da Yuta da Arizona da makamantansu, ba wuta, ba famfo, ba masai, kuma ƙa'idar ita ce kwana 14 sannan ka tashi ka yi nisa. Dazuzzukan tarayya da gandun jihohi su ma iyakarsu kusan haka take. Wuraren da ake zaman wata da watanni galibi na 'yan kasuwa ne, kuɗinsu ba ya da nisa da na ɗakin da ɗalibai ke haɗa kuɗi su kama, wutar lantarki kuma daban ake biya. Da yawansu ma ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10, wato daidai irin wadda kuɗinka zai iya saye.

A nan ne lissafinka ya fara ɓaci. Bizar ɗalibi ta F-1 tana buƙatar ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku ya san ainihin inda kake kwana, akwatin gidan waya ba ya wadatarwa, kuma duk lokacin da ka sauya sai ka sanar cikin kwana 10. Mutumin da ke tashi duk mako biyu, yaushe zai yi karatu, yaushe zai yi cike takarda? Za ka kuma ji ana cewa akwai masu zama kyauta a zango a madadin su riƙa share wuri da karɓar baƙi. Wannan na 'yan ƙasa ne, galibi tsofaffin da suka yi ritaya. Kai in ka karɓi masauki a madadin aiki a wajen makaranta, ana iya lissafa shi a aikin da ba ka da izini, kuma wannan kaɗai ya isa a soke zamanka. Abin da aka yarje maka shi ne awa 20 a mako a cikin harabar jami'a lokacin karatu. Tun da ana maganar biza, dokokinta ga 'yan Najeriya da Nijar sun tsananta a 2025, saboda haka kafin ka sayar da ko sirdi, fara tabbatar da matsayinka a ofishin jakadanci.

Sai sanyi. Bangon motar-gida siriri ne, bututun ruwanta a waje suke, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili sai su daskare su fashe. Shi ya sa a watan Nuwamba za ka ga ayarinsu sun nufi kudu, garin Quartzsite na Arizona ya cika maƙil, sai bazara su juyo, kamar dai 'yan cirani. Su suna da damar bin rana. Kai jarrabawarka ta ƙarshen zangon karatu a Disamba take, a inda makarantarka take.

Batun turo ingarmanka kuwa, ka cire shi daga ranka. Saboda cutar dawakin Afirka, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa kuma take kashe mafi yawan dawakan da ta kama, duk dokin da ya fito daga ƙasashenmu sai ya yi kwana 60 a killace a cibiyar gwamnati da ke jihar Niyu Yok, kai ne za ka biya kowace rana, ban da kuɗin jirgi da gwaje-gwaje. In gwajin jini ya nuna wata cutar kaska da dawakanmu kan ɗauka ba tare da sun kwanta ba, ba za a bar shi ya shiga ba. Ka bar shi a bargar gida yana cin harawarsa da dusa, wani cikin ƙannenka ya riƙa fita da shi.

Ni da zan zaɓa maka, ka kama ɗaki kusa da makaranta, sannan a makon farko ka tambayi ko suna da ƙungiyar mahaya. Akwai haɗakar jami'o'i da ake kira IHSA, tun 1967 take, wadda aka tsara ta musamman don ɗalibin da ba shi da doki. Ranar gasa ƙuri'a ake yi, dokin da ya faɗo maka shi za ka hau ko ba ka taɓa ganinsa ba. Wanda ya tashi yana sukuwa a kan dawakanmu masu zafin kai ba zai ji tsoron wannan ba, sai dai zai sake koyon riƙon linzami, domin dawakan nan an saba musu da hannu mai laushi, linzaminmu mai kaifi ba su san shi ba. Wasu jami'o'in kamar Cornell da Texas A&M har ƙungiyar folo suke da ita, in kana cikin masu zuwa kallo a Katsina ko Kaduna. Ta wannan hanya za ka san masu tirela, kuma mai tirela mai cin doki uku kullum yana neman wanda zai taya shi tuƙi da kwashe kashi. Hutun bazara wata uku ne, ya ishe ka ka ga Big South Fork da idonka, ka kuma gane nawa ake ƙonawa a mai kafin ka yi sha'awar mallakar motar.

In ranar ta zo, ka yi guzurin namanka daga gari, don babu mahaucin halal a bakin daji. Ka duba ko an hana hura wuta, abin da ake yawan yi a yamma lokacin rani, kafin ka sa ran gashi ko shayi a kan gawayi. A inda ake da beyar, abincinka da hatsin dokin duka a kulle suke kwana cikin mota. Janareto akasari ana kashe shi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda haka ka yi cajin fitilarka don Asuba. Ka kuma lura da famfon da ke gefen ramin juye ƙazanta, na wanke tiyon bayan gida ne, kar ka cika butarka a nan, famfon sha yana can gefe da alamarsa. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa fiye da yadda ka saba a gida.

Ka turo min sunan jihar da makarantar take, in duba maka zangon dawaki mafi kusa da watannin da yake buɗe. Ka gaida Baba da su Hajiya.