Kafin ka matse sandar wuyan jita

Ɗana, tambayarka ita ce: an kawo maka jita, mai ita na kukan tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, yatsunsa na ciwo, shin ka matse sandar ƙarfen da ke cikin wuyan har su sauko? A'a. Ajiye makullin nan tukuna.

Sandar nan aikinta guda ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida a kan jitar katako suna jan wuya da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana, katako kuwa dole ya ba da kai ya lanƙwasa. Sandar ce ke ja ta ɗaya gefen don lanƙwasar ta tsaya inda ake so. Kamfanin Gibson ne ya fara sa irin wadda ake murɗawa a farkon shekarun 1920, kuma dalilin ke nan har yau. Abin da ke ruɗin yara shi ne, in ka matse ta tsirkiyoyin kan ɗan sauko, sai ka zaci ka yi gyara. Ka ƙara kaɗan, wuyan ya lanƙwasa baya, firet biyar na farko, wato ƙarafan nan da ke jere a gicciye a kan allon wuya, su kama ƙara. Ka tilasta mata, ta karye a ciki, aikin rabin awa ya koma ɓamɓare allon wuya gaba ɗaya.

Saboda haka awo za ka fara. Sa sababbin tsirkiyoyi masu kaurin da mai jitar ya saba da shi, ka saita muryarsu daidai, ka rungume ta kamar za ka kaɗa. Kada ka auna tana kwance a kan teburi, nauyin wuyan kansa yana sauya lissafi. Ɗaure kafo, abin nan da ke danne tsirkiyoyi duka a lokaci ɗaya, a firet na farko, ka danne tsirkiya mafi kauri a inda wuya ya haɗu da gangar jiki. Tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen layi ke nan. Dubi tazarar da ke tsakaninta da kan firet na 7 ko na 8. Milimita 0.2 zuwa 0.3 muke nema, kusan kaurin siririn kati. In ta fi haka, nan ne sandar ke da hurumi: murɗa ta dama, kwatan zagaye ko ƙasa da haka, ka sake saita murya, ka bar katakon ya zauna kafin ka sake dubawa. In babu tazara sam, sassauta ta hagu. In ta ƙi motsi, kada ka yi kokawa da ita.

Wuya ya daidaita, sai ka auna a firet na 12, daga kan ƙarfen zuwa ƙarƙashin tsirkiya. A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, wajen milimita 2.5 a mai kauri, 2 ko ƙasa kaɗan a siririya. Ta lantarki ta fi haka ƙasa, kamar 2 da 1.6. Mai tsirkiyar nailan kuwa tana son fili, 4 da 3, don tsirkiyarta na lilo da faɗi. Gyaran wannan tsayi a jaki yake, wato inda tsirkiyoyi ke zaune a fuskar jita. Ta lantarki kusoshi ne, ka juya ka huta. Ta katako sai ka zare ƙashin da ke kan jakin ka rage shi.

A nan nake so ka natsu. Firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, don haka duk abin da kake so ya sauka a can, ninkinsa biyu za ka cire daga ƙashin. Kana son rabin milimita, cire milimita ɗaya. Ja layi da fensir, ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko wani abu mai santsi, ka goga gindin ƙashin, ba samansa ba. Gindin ya fito a miƙe sarai, domin in ya karkace sautin ba zai ratsa katakon daidai ba, in kuma akwai na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashinsa za ka ji wata tsirkiya ta danne wata. Ni dai nakan tsaya kafin layin, in mayar in gwada, domin abin da samfefa ta ci ba ya dawowa.

Akwai jitar da za ka tarar ƙashin ya riga ya kusa nutsewa cikin jaki, tsirkiyoyin kuma na sama. Wannan ba ciwon ƙashi ba ne. Shekaru ne suka ja wuyan ya tashi daga gindinsa. Ɗora dogon ma'auni a kan firet ɗin ka tura shi zuwa jaki: ya kamata bakinsa ya sauka a saman jakin. In ya doki ƙasa sosai, sai an cire wuyan an sake dasa shi. Gaya wa mai ita gaskiya, kada ka fafe jakin don ka ɓoye matsalar.

Wanda aka fi mantawa shi ne ƙashin sama, inda tsirkiyoyi ke bi ta cikin tsaga kafin su kai maɗauri. Yawancin mai koyo da ke kukan yatsu, nan ciwonsa yake, don a firet uku na farko yake wuni. Danne tsirkiya a firet na 3, ka dubi kan na farko. Tazarar ta zama kamar ta takarda, da ƙyar ido ke ganinta. In ta fi haka, zurfafa tsagar da magagari mai kaurin tsirkiyar, ka ɗan karkata shi wajen kan jita. Goga biyu, ka duba. Guda ɗaya ta wuce, tsirkiya ta kama ƙara ko ba a danne ta ba.

Saitin murya shi ne na ƙarshe. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. In muryar ta biyun ta haura inda ya kamata ta tsaya, ja mazaunin tsirkiyar da ke kan jaki baya don ta ƙara tsawo. In ta gaza, turo shi gaba.

Ƙara kuma ba duka ce ta saiti ba. In a wuri ɗaya tak take, ɗora gajeren ma'auni a kan firet uku a jere. Ya yi rawa, na tsakiyan ya taso. Iska ma na da hannu: katako na son danshi wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. In ya bushe fuskar jita takan lotsa, tsirkiya ta sauko, bakin firet ya fara yankar hannu. In ya sha danshi ta kumbura, tsirkiya ta tashi.

Lambobin nan duk mafari ne. Sa mai jitar ya kaɗa a gabanka kafin ka taɓa komai. Mai dukan tsirkiya da ƙarfi, in ka saukar masa sosai gobe zai dawo da ƙorafin ƙara, mai taɓawa a hankali kuwa zai ɗauki ƙasa da abin da na faɗa. Je ka auno mini tazarar firet na 8 da ta 12 a wannan da ke hannunka, ka rubuta, sannan mu ga inda za mu fara.