Ga ɗan'uwanmu na Falcons da ɗaukar Penix ya hana barci

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena mai goyon bayan Falcons, ƙungiyar ƙwallon Amurka (NFL) ta Atlanta, na ga tambayarka a kan zaɓen sababbin 'yan wasa na Afrilun 2024, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar 'yan jami'a bi da bi, tun bayan sallar asuba, na kasa wucewa. Ka ce ka raba dare kana jiran ku ɗauki Dallas Turner ko wani mai farautar kwatabak (mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari), sai ga shi a gurbi na 8 an kira sunan kwatabak Michael Penix, alhali ko wata biyu ba a yi ba da kuka ba wani kwatabak ɗin, Kirk Cousins, kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 180. Ka ce abokanka sun tasa ka gaba da dariya, kana tambaya ko zaɓin nan asara ne, kuma ko ka haƙura da ƙungiyar kawai. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don na taɓa tsayawa daidai inda kake tsaye.

Kun sani ni ɗan Bears ne, ƙungiyar Shikago, a Shikago nake neman abinci. A watan Maris na 2017 muka ba Mike Glennon kwantiragin shekara uku na dala miliyan 45, aka ce mana an samu kwatabak, hankali ya kwanta. Ranar 27 ga Afrilu ina cikin mota ina aiki, na faka a gefen titi don in saurari zagayen farko a rediyo. Muna gurbi na 3. Kwatsam aka ce mun yi musaya da San Francisco don mu matsa taki ɗaya rak, mun ba da gurbi na 67 da na 111 da kuma zaɓin zagaye na uku na shekara mai zuwa. Aka kira Mitchell Trubisky, yaron da wasa 13 kacal ya fara a jami'ar North Carolina. Patrick Mahomes yana nan zaune sai a na 10 Kansas City suka ɗauke shi, Deshaun Watson kuma a na 12. Ka ga kamannin da naku? An biya babba kuɗi, an juya an ɗauko yaro.

Inda muka bambanta, kai fushi ka yi, ni kuma bayan kwana biyu sai na rungumi abin hannu bibbiyu. Na kalli bidiyon yaron har na haddace, na saya wa ɗana jesi mai lamba 10, lokacin yana ɗan shekara takwas. Akwai wani bawan Allah da muke zaman majalisa tare, ya girme ni, ina kiransa Yaya, mun ci abinci a kwano ɗaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Muka yi gardama, ni kuma cikin zafin rai na tura masa saƙon murya, na ce Trubisky zai fi Mahomes, in ba haka ba kada ya ƙara sauraren maganata a kan ƙwallo. Ashe mutumin nan ajiye saƙon ya yi.

A 2018 abin ya yi kamar zai yi kyau. Mun ci wasa 12 mun faɗi 4, sai ga bugun nan na Cody Parkey da ya daki ƙarfe sau biyu, Eagles suka fitar da mu 16 da 15. Amma a shekarar ce Mahomes ya jefa ƙwallo 50 da suka ba da ci, ya zama gwarzon gasar. Tun daga nan duk inda na shiga sai a kalle ni. Ranar da ba zan manta ba ita ce 22 ga Disamba 2019. Na tara kuɗi na saya mana tikiti ni da ɗana, muka tafi filinmu na Soldier Field cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, shi kuma ya ɗora jesinsa a kan rigar sanyi. Kansas City suka yi mana 26 da 3. Mahomes ya jefa ƙwallon da ta ba da ci, ya ɗaga hannu yana ƙirga yatsu har goma, yana tuna mana gurbin da aka ɗauke shi. Ɗana ya juyo ya ce, "Baba, me yake ƙirgawa?" Na rasa bakin ba shi amsa. Muka taho gida ko uffan babu mai cewa.

Wannan ma da sauƙi. Bayan sati shida, ranar wasan ƙarshe da Kansas City suka ɗauki kofi, mun taru a gidan wani abokinmu, maza da mata da yara, falo cike. Ana tashi daga wasa sai Yayan nan ya ce kowa ya yi shiru, ya haɗa wayarsa da sifika ya saki muryata ta shekara uku da suka wuce. Sau biyu ya maimaita. Sannan ya kira ɗana ya ce ya cire rigar nan ya ba shi ya goge takalmi. Jama'a suka kwashe da dariya, yaron ya sunkuyar da kai ya fita ya zauna a mota. Ni ban damu da a ce na yi kuskure a kan ɗan wasa ba, manyan da ake biya miliyoyi ma sun yi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutum ya riƙe maganarka shekara uku yana jiran ranar da zai tozarta ka a gaban ɗanka. Washegari na kira shi, ya ce ai wasa ne, wai na cika ɗaukar zafi. Har yau bai ce in yi haƙuri ba. Muna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan. Yaron kuwa shekara biyu ya yi bai ƙara zama kallon wasa da ni ba, kuma wannan ne ban iya yafewa da sauƙi ba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

To ƙanena, don Allah kada ka rantse wa kowa a kan Penix, ko don yabo ko don kushe. Kada ka tura saƙon murya. Masu yi maka dariya yau ba su san komai ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a 2017. Dubi 2021 mana. Kwatabak biyar aka ɗauka a zagayen farko, kowa ana ta kururuta shi. Zuwa Afrilun 2024 Trevor Lawrence kaɗai ya rage a inda aka ɗauke shi. An tura Zach Wilson Denver, an tura Mac Jones Jacksonville, Justin Fields ɗinmu mun ba Pittsburgh shi a kan zaɓin zagaye na shida, Trey Lance kuwa da San Francisco suka zuba zaɓin zagayen farko har uku a kansa, wasa huɗu ya fara musu aka tura shi Dallas. Wanda ya kai San Francisco wasan ƙarshe a watan Fabrairun 2024 shi ne Brock Purdy, mutum na 262, na ƙarshen ƙarshe a 2022. Makin da 'yan jarida ke rabawa da safiyar Juma'a kuwa, ka tuna yadda suka yi wa Seattle ca a 2012, shekarar da suka ɗauki Bobby Wagner da Russell Wilson.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, akwai abin damuwa. Penix zai cika shekara 24 a watan Mayun 2024. Kakar wasa huɗu ya yi a jami'ar Indiana, duk rauni ne ya katse su, sau biyu jijiyar gwiwa, sau biyu wajen kafaɗa. Kuma ribar ɗaukar kwatabak yaro ita ce arhar albashinsa na shekara huɗu, da zaɓin ƙara ta biyar. In ya zauna a benci shekara biyu, rabin arhar ta tafi, ga kuɗin Cousins kuna biya. Fushinka a kan tsaro ma yana kan hanya. Tun Vic Beasley a 2016 har zuwa kakar 2023 ba ku ƙara samun wanda ya kayar da kwatabak sau goma a kaka ɗaya ba, kuma daren jiya mutum 14 na farko duk 'yan kai hari ne, wato duk wani ɗan tsaro da kuke so yana nan a gabanku kuka wuce shi. Wannan ciwon na gane shi.

Amma ni da na ga yadda ake ƙona yara a Shikago, zaman benci ba ya ba ni tsoro. Glennon wasa huɗu ya yi aka jefa Trubisky cikin wuta, ba masu kama ƙwallon kirki, ƙarshen shekara aka sallami koci. Fields a wasansa na farko da ya fara, Cleveland sau tara suka kayar da shi, ina kallo ina jin kamar ɗana ake duka. Shi ma bayan shekara ɗaya aka canja masa koci da tsarin wasa gaba ɗaya. Mahomes ɗin da ake mana gori da shi, shekara guda ya yi a bayan Alex Smith, wasa ɗaya ya fara. Jordan Love shekara uku ya yi yana kallon Aaron Rodgers, kamar yadda Rodgers ya yi wa Brett Favre. Na sha tambayar kaina, da mu muka ɗauki Mahomes a wancan gidan namu na 2017, anya zai zama abin da ya zama? Ku kuwa gidanku da kaya: ga Bijan Robinson, ga Drake London, ga Kyle Pitts. Kuma Cousins zai cika 36 a watan Agustan 2024, daga tsinkewar jijiyar agara yake dawowa. Tun da Matt Ryan ya tafi kun gwada Mariota, kun gwada Ridder, kun gwada Heinicke, shekara biyu a jere kuna ƙarewa da nasara 7 faɗuwa 10, kamar yadda kuka yi a shekararsa ta ƙarshe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, ina ganin abin da ya sa suka tanadi biyu ke nan.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kada ka zagi Penix. Bai zaɓi kansa ba. Na ga abin da aka yi wa Trubisky a garin nan, mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, har ya tafi Buffalo a 2021. Ka nemi wasannin Penix na 2023 a jami'ar Washington ka kalla, ka ga yadda hannun hagun nan nasa ke aika ƙwallo nesa, har ya kai su wasan ƙarshe na jami'o'i kafin Michigan su doke su. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwallayen Rome Odunze ne ke kamawa, wanda mu muka ɗauka a na 9 dab da bayanku, mahaifinsa ma ɗan asalin Najeriya ne.

Maganar barin ƙungiya kuwa, mutumin da ya ga Falcons suna gaba da 28 da 3 a wasan ƙarshe na Fabrairun 2017, New England suka farke suka doke su, bai gudu ba, ba na jin Penix ne zai kore shi. Ka kashe wayar ka yi barci, ka bar abokan nan su yi ta surutunsu, kada ka tanka ko ɗaya.

Jiya da mu Bears muka ɗauki kwatabak Caleb Williams a gurbi na farko, ɗana yana zaune kusa da ni, yanzu shekararsa goma sha biyar. Na ce masa ko in sayo masa jesi, ya ce a'a Baba, mu bari ya yi wasa tukuna. Ban ja da shi ba. Yau da dare akwai zagaye na biyu da na uku, kuna da gurbi na 43, kuma akwai sauran 'yan tsaro masu kyau. In Allah Ya kai mu ina nan a zaure, in ka ga sun sake ɓata maka rai ka neme ni kai tsaye kafin ka rubuta komai.