Hammata ce ke magana, hannu ke ɗaga murya

Amaryata, saƙonki ya iso. Kin ce a bikin ƙawarki kin ga mai kalangu yana ta matse shi a hammata yana saki, tsofaffin wurin suna dariya suna cewa ai magana yake yi, ke kuwa ƙara kawai kike ji. Kina tambaya ko camfi ne. Ba camfi ba ne, kunnenki ne bai je makaranta ba.

Gidanmu na da yana maƙwabtaka da mahauta, kalangu kuwa nasu ne tun asali. Ranar da za a yanka sa mai ƙiba, ba a aika yaro gida-gida. Makaɗi ne zai fito, mata na cikin gida su ji, su san yau akwai nama. Na sha tsugunawa kusa da shi ina kallo. Abu biyu yake yi a lokaci guda, kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya. Hannun da ke riƙe da 'yar lanƙwasasshiyar sandar nan shi ke da ƙarfin sauti: ya buga da ƙarfi, fatar ta yi babban motsi ciki da waje, ta tunkuɗi iska sosai, a ji a nesa. Hammata kuwa aikinta daban. In ya matse tsarkiya, fatar ta ɗame, sai ta riƙa karkarwa da sauri, murya ta fito siririya. In ya saki, karkarwar ta ragu, murya ta yi kauri. Zai iya yin siririyar murya a hankali kamar raɗa, zai iya yin mai kauri da ƙarfi har ki ji ta a ƙirji.

To, Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Faɗi "wuya" ta jiki, sannan ki faɗi "wuya" ta wahala. Baƙaƙensu ɗaya, amma ta farko daga sama take gangarowa, ta biyu daga ƙasa take hawa. Wannan hawa da saukar kalangu ke bi. Wanda ya san taken gidansu ko kirarin kakansa, da ya ji tsarin sai kalmomin su faɗo masa a rai. Ke ba ki san taken ba, me za ki ji?

Lokacin da nake riƙe da alli, da wannan nake koya wa yara darasin sauti. Yawan karkarwa a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da Hertz, sunan wani masani Bajamushe. Kunnen yaro lafiyayye yana kamawa daga 20 zuwa wajen 20,000. Na sama-saman ne ke fara ɓace wa tsoho, shi ya sa kakarki take cewa ina jin tsawa amma ba na jin sauro, balle kiranta. Ƙarfi kuma da desibel ake auna shi, kuma wanda ya daɗe cikin abin da ya haura 85 yana cin kunnensa ne a hankali. Ki gaya wa masu kafa muku manyan lasifiku a biki.

Kin kuma tambayi dalilin da ba a kawo tambari gidan biki. Tambari da kakaki na sarauta ne, talaka ba ya sa a buga masa ko a busa masa, komai kuɗinsa. Faɗin fatar tambari ke ba shi muryar nan mai kauri, irinta kuwa tana ratsa katanga ta yi nisa, ba ta saurin mutuwa a hanya kamar siririya. Amma ba ya lanƙwasa murya yadda kalangu ke yi, don ba a matse shi.

In kin zo hutu da damina, zan kai ki ki ga yadda makaɗa ke kara ganga kusa da wuta kafin su fara, saboda danshi yana sa fata ta saki. Ki taho min da goro, fari.