Ganga na tashi, bes ɗina na ɓacewa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta kiɗan punk: mai ganguna, masu gita biyu, sai ni mai gitar bes, wato gita mai sauti mai zurfi. Amfilifayata, wato na'urar ƙara sauti, ƙarama ce, ƙarfinta wat 100, haɗe da sifika ɗaya. In ni kaɗai ne a ɗaki sai ka ce tsawa, amma da mun haɗu mai ganguna ya fara duka, ko ni ba na jin abin da nake kaɗawa. Ina so in sayi kan amfilifaya daban, irin wanda ake ɗorawa a bisa akwatin sifika. Wat nawa zan nema? Wani kuma ya ce min in ba kan SVT na kamfanin Ampeg ba, asarar kuɗi ce kawai. Haka ne?

Amsa: Ƙanena, sannu da fama. Duk mai bes da ya taɓa tsayawa tsakanin masu gita biyu ya san wannan takaicin. Yatsunka na ciwo, gumi na zuba, a tashi wani ya ce maka, "Au, kai ma kana kaɗawa?"

Bari mu fara da dalili. Igiyar da ta fi kauri a bes mai igiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta gita kuwa sau 82. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sauti mai zurfi da sauƙi, sifika kuma sai ta tura iska mai yawa kafin ta fitar da shi. Shi ya sa mai gita da wat 50 zai danne ka kai mai wat 100 ba tare da ya ko lura ba.

To amma kada lambar da aka rubuta a jikin kwali ta ruɗe ka. In ka ninka wat sau biyu, daga 100 zuwa 200, desibel 3 kacal ka ƙara (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti). Za ka ji bambanci, amma ɗan kaɗan. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Don haka a irin kiɗanku, da mai ganguna wanda ba ya tausayin fata, ni wat 500 zan nema in mai tiransista ce, ko 300 in mai bawul ce, wato mai waɗannan ƙwayayen gilashi da ke yin ja in sun yi zafi. Ba don ka ƙure ta ba, sai don ta samu sararin numfashi. Amfilifayar da kullum take a ƙure, sautinta shaƙewa yake, kuma sifika ce ke biyan bashin.

Ga inda mutane suka fi faɗawa rami: om, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar da kan amfilifaya ke tura mata. Kan da aka ce wat 500 ne, yawanci a om 4 yake ba da hakan. Ka jona shi da akwati mai om 8, abin da za ka samu bai fi wat 300 ba, wani lokacin ma ƙasa da haka. Akwati biyu masu om 8 in an jona su tare a yadda aka saba, om 4 suke komawa, a nan ne kan zai saki ƙarfinsa duka. Biyu masu om 4 kuwa om 2 ke nan, kuma ba kowane kai ke jure wannan ba. Juya bayansa ka karanta kafin ka jona komai. Mai bawul kuma kada ka kuskura ka kaɗa ta babu sifika a jone, taransifomarta na iya ƙonewa.

Gaskiyar da ban so in ɓoye maka ita ce, ina zargin ka bar jaki kana dukan taiki. Sifika ɗaya ita ce babbar matsalarka. Ko wat 1000 ka ɗora mata, iyakar iskar da za ta iya turawa ke nan. Akwati mai sifika huɗu 'yan inci 10 shi ne mafi ƙanƙantar abin da zan shiga ɗaki da shi in akwai masu gita biyu. In kuɗinka na abu ɗaya ne, gara matsakaicin kan amfilifaya tare da akwati mai kyau a kan mai tsada a bisa ƙaramar sifika.

Sai batun SVT. Abokinka bai yi ƙarya duka ba. Tun 1969 Ampeg ya fito da ita, wat 300, bawul shida na ƙarfi, kuma in aka ɗora ta a akwatinta mai sifika takwas, akwai wani gurnani da take yi in an matsa mata wanda har yau ina jin daɗinsa a ƙirjina. Sai dai kan kaɗai ya haura kilo 35. Na yi shekaru ina hawa da sauka da irinta a matattakala, kuma na lura da lokacin ɗaukar kaya ya yi, masu gita duk sai fitsari ya kama su. Bawul ɗin ma suna tsufa, sai an canza, sai an kai wa mai gyara ya daidaita. Yanzu akwai kawuna masu tiransista marasa nauyi, irin da ake kira Class D, kamar Aguilar Tone Hammer 500 ko Orange Terror Bass, da za ka jefa a jakar goyo ka tafi. In ka ci karo da tsohuwar Gallien-Krueger 800RB mai lafiya, kada ka raina ta. Sautinta na da cizo, wato kaifi, kuma cizon nan punk ke so.

Kafin ma ka sayi komai, gwada wannan a haɗuwarku ta gaba. Na tabbata ka murɗa maɓallin sauti mai zurfi sama, ka rage na tsakiya, don haka ya fi daɗi in kai kaɗai ne. Ni ma haka na yi shekara da shekaru ina ɗora wa kayan laifi. A cikin taro, zurfin nan babbar ganga ce ke haɗiye shi. Mayar da shi daidai, ka ɗaga tsakiya, wajen kaɗawa 500 zuwa 800 a daƙiƙa, ka ɗan ƙara datti, wato kaushi, a sautin, ka kaɗa da tsinken roba maimakon yatsa. Kai kaɗai za ka ji kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani, amma da sauran sun shigo za ka ji kowane bugu ya fito fili. Ka kuma roƙi masu gitar su rage zurfin nasu, wurinka suke ci.

In za ka saya, duba yana da kafar DI, wadda ake jan waya daga ita zuwa na'urar sautin zaure, kuma in da hali ka gwada shi tare da mai gangunanku, ba a shiru ba. Ka haɗa da abin toshe kunne. Desibel 85 ne ake ƙiyasta kunne zai jure na awa takwas, kowane ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu, ɗakin atisayenku kuwa ya wuce haka nesa. Nawa kunnen na hagu tuni yake min kuka da dare.